Yadda na nemo kuba da mariƙin ƙofofin gidan Kakanmu a Kumasi

Gidanmu na gado yana tsohon Zongon Kumasi, ba nisa da Alabar. Kakanmu ne ya gina shi da kuɗin goro a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da jirgin ƙasa ya riga ya haɗa garin da bakin teku, don layin Sekondi ya iso tun 1903, na Ankara, babban birnin Ghana, kuma a 1923. Na kawo zancen jirgi ne saboda duk ƙarfen da ke jikin ƙofofin gidan ta nan ya biyo. Katakon na ƙasar nan ne, odum, icen da gara ba ta cika samun sa'arsa ba. Amma kuba da hinji da sakata da mariƙi daga Ingila suka zo, ta hannun kantunan Turawa irin su Swanzy da Millers, waɗanda daga baya suka narke cikin kamfanin ciniki na UAC da aka kafa a 1929.

Da rufi ya fara yoyo bene ya soma tsagewa, 'yan uwa na gida da na waje suka haɗa kuɗi, aka ɗora mini kula da aikin tun da ni ke kusa. Mai kwangilar da muka samu ya zagaya gidan, ya ce ƙofofi tara na ɗakunan a ɓalle su kawai, a sa na ƙarfe irin waɗanda ake kawowa daga Sin da Turkiyya. Hajiya, ƙanwar mahaifinmu, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Kaka. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Ɗana, a gyara rufi, a gyara bene, amma ƙofofin nan da su na tashi na gan su, da su za a fitar da ni." Magana ta ƙare a nan. Ni ma ra'ayina ke nan, domin ƙofar odum mai kaurin kusan inci biyu da ta yi shekara kusan ɗari ba ta lanƙwashe ba, ba abin da za a kawo a kwantena da zai kama ƙafarta.

Matsalar tana ga ƙarfen. Cikin ƙofofi tara, biyar ne ke da kubarsu ta asali. Huɗu an daɗe da cire nasu, an buga musu ƙarfen rataya kwado da kusa, katakon duk ya sha huji. Mariƙan tagulla masu kamar ƙwallo, da ya kamata a ce kowace ƙofa tana da biyu, ciki da waje, bakwai kacal suka rage a gidan gaba ɗaya.

Wanda ya ɗora ni a hanya wani tsohon kafinta ne da ya yi aiki a Anloga tun kafin a mayar da masu katako Sokoban. Baba muke ce masa. Ranar da ya zo, bai taɓa komai ba sai da ya gama duba ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, yana shafa gefensu da tafin hannu. Ya ce mini, "Yaro, kada ka je kasuwa tukuna. Ka fara sanin abin da ke hannunka. Kuma ko sukuru ɗaya kada a yar." Ya sa aka nemo jakunkunan leda, kowace ƙofa da tata, aka rubuta lamba a jiki, aka rubuta irin lambar da alli a saman ƙofar inda fenti ba ya kaiwa.

Cire kubobin ya ɗauki lokaci, saboda fenti ya cike tsagar kan sukurun. Baba yakan sa bakin wuƙa ya ƙwaƙule tsagar, ya ɗiga kananzir, ya dasa sukurudireba ya ɗan buga ta da hama, ya ɗan ƙara matse sukurun kafin ya warware shi. Wanda aka yi wa gaggawa kansa ne ke cinyewa, daga nan sai haƙowa.

Bayan an cire, muka samu tsohuwar tukunya da ba za a ƙara girki da ita ba, muka zuba ruwa da garin sabulu, muka jefa ƙarafan muka bar su a kan gawayi suna dahuwa a hankali. Fentin ya yi laushi ya riƙa saluɓewa, kore a sama, shuɗi a ƙarƙashinsa, sai ruwan ƙasa, sai baƙin asali. Baba ya hana a kankare shi a bushe ko a ƙona shi, domin tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, ƙurarsa kuwa guba ce, musamman a gida mai yara. Da aka goge da buroshi aka shanya aka shafa mai, sai rubutu ya fito a bakin kubar: UNION. Wannan tambarin kamfanin Josiah Parkes ne na garin Willenhall, kusa da Wolverhampton a Ingila, garin da ya shahara da ƙera makullai har aka riƙa kai su duk inda Ingila ta yi mulki. A bayan faifan tagullar da mariƙi ke zama a kai kuma akwai "Rd No" da lambobi shida. Ingila ta fara wannan tsarin rajistar zane da lamba a 1884, kuma lambobin da suka haura dubu 700 da kaɗan na tsakiyar shekarun 1920 ne. Tamu a nan ta faɗa. Lambar tana nuna lokacin da aka yi wa zanen rajista, ba ranar da aka ƙera abin ba, amma ta yi daidai da abin da Hajiya ta ji daga iyayenta game da shekarun gidan.

Irin kubar tamu ba a cikin katako ake binne ta ba. Akwatin ƙarfe ne da ake ɗaurawa a fuskar ƙofa ta ciki, harshensa ya faɗa cikin wani ƙaramin akwati da ke jikin dogarin ƙofar. Wannan ya sa awo ya zama komai. Baba ya sa na auna tsawon akwatin da faɗinsa, inci shida da inci huɗu, da nisan bakin ƙofa zuwa ramin makulli, da nisansa zuwa ramin mariƙi. Ya ce a yi awon da inci, don da inci aka ƙera su, in ka juya zuwa milimita sai ka riƙa samun 'yan guntayen lambobi da za su rikita ka. Sai kuma hannu: akwai kubar ƙofar dama, akwai ta hagu, ya danganta da gefen da hinji yake da kuma inda ƙofar ke buɗewa.

A ƙofofi huɗun da suka rasa nasu, katakon da kansa ya ba mu amsa. Da aka wanke fenti, wurin da tsohuwar kuba ta zauna ya fito fili, murabba'i mai haske a tsakiyar katako mai duhu, ga ramukan sukuru huɗu, ga ramin makulli da aka toshe da tsumma da siminti. Na ɗora kwali a kan kowanne na zana, na huda ramukan, na yanke shi daidai girman. Kwalayen nan huɗu da ƙaramin maganaɗisu da mariƙi ɗaya na asali su ne suka zauna a jakata har aka gama aikin.

Na fara da shagunan kayan gini na Adum da kewayen Kejetia, ban daɗe a can ba. Abin da ya cika su kuba ce ta binnewa, wadda sai an fafe cikin ƙofar kafin ta shiga, ni kuwa ba zan sa kurfi a odum ɗin Kaka ba. Akwai masu kama da tamu a ido, amma ƙarfen siriri ne, ramukan ba su hau kwalina ba. A wani shago aka miƙo mini mariƙi mai walƙiya aka rantse tagulla ce zalla. Na kai maganaɗisu kusa, ya manne. Tagulla ta gaskiya ba ta kama maganaɗisu, wannan baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka, damina biyu ta ishe shi. Akwai ma wanda maganaɗisu ba ya kamawa amma ba tagulla ba ne, wani farin ƙarfe ne mara nauyi. Shi kuma sai ka ɗan karce bayansa, in fari ya fito ka ajiye musu kayansu.

Inda abin yake shi ne wurin masu kondem, wato yaran da ke tura baro unguwa-unguwa suna sayen tsohon ƙarfe, da iyayen gidansu a Akwatia Line. A yanzu tsofaffin gidajen Adum da Fante New Town da Asafo da Ash Town ana ta rushe su ana gina shaguna da benaye. Mai rushewa yakan sayar da kwano da katako, ƙarfen kuma ya tafi ga masu kondem a kan kilo. Su kuma suna ware tagulla da jan ƙarfe daban saboda sun fi tsada, su tara a buhu, a zo a saya a narke. Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Na tsuguna gaban wani buhu ina tonawa, ga kawunan famfo, ga tsofaffin fitilu, ga mariƙan ƙofa da aka murƙushe da guduma don a raba su da sandar ƙarfen da ke ciki. Abin da wani maƙeri ya zuba ya goge shekara ɗari da suka wuce, minti ɗaya ya ishi a lalata shi. Ban ga laifin yaran ba, abincinsu suke nema, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu cewa abin yana da wata daraja bayan nauyinsa.

Mai wurin wani Badagombe ne da ke jin Hausa sosai. Na nuna masa mariƙina da hoton kubar, na ce duk yaron da ya kawo irin wannan ba a fasa ba, zan biya ninkin abin da sikeli zai ba shi. Ya jujjuya mariƙin ya ce, "Alhaji, irin wannan muna gani, amma ba kullum ba. Ka bar lambarka." Na tura masa hotunan ta WhatsApp, shi kuma ya watsa wa yaransa. Daga nan aiki ya koma jira. Hotuna suka riƙa shigowa, yawancinsu ba su ne ba: kwado, kubar sef, mariƙin durowa. Duk wanda ya turo nakan amsa masa, wani lokaci in tura masa ɗan kuɗin kati, don kada su gaji su daina.

Wata safiya aka kira ni cewa ana sauke wani tsohon bene a Fante New Town. Na hau pragya, keken haya mai ƙafa uku, na tafi. Na tarar an riga an cire rufi, ƙofofin an jingine su a bango. Uku daga ciki suna da kuba irin tamu sak, har tambarin. Na fito da kwali na ɗora, biyu suka hau, ta ukun inci bakwai ce, ta yi girma. Dattijon da ke kula da gidan Batone ne, muka gaisa da Tonanci, na kira shi Wofa, wato kawu, na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce gidan kakarsa ne, kuɗin koko ya gina shi, magada sun yi yawa shi ya sa aka ba da filin haya. Da ya ji cewa a wani tsohon gida za a sake ɗaura su, ya sa aka ciro mini da ƙananan akwatunan jikin dogari da sukurunsu, ya ƙara mini da sakata biyu dogaye da mariƙi uku da hinji biyu. Ya karɓi kuɗi kaɗan, ya ce in zo in nuna masa hoto in an gama. Na kai masa.

Kubobin ba su da 'yan makulli, ɗaya kuma ta hagu ce alhali ta dama nake nema. Baba ya kai ni wurin wani tsoho mai gyaran makulli da ke zama a ƙarƙashin laima a bakin kasuwa, da ɗan teburinsa da zoben tsofaffin makullai. Ya kwance sukuru ɗaya ya ɗaga murfin, ya nuna mini cikin. Ga harshen da mariƙi ke ja, ga sakatar da makulli ke turawa, ga 'yan falle-fallen tagulla biyu a jere, kowanne da tsagarsa. Ya ce sai haƙoran makulli sun ɗaga kowane falle daidai tsayinsa sannan sakatar ke samun hanya. Ya zaro harshen ya kifa shi ya mayar, gangaren bakinsa ya koma ɗaya gefen. Ya ce ba kowace kuba ke yarda da haka ba, mun yi sa'a wannan ramin makullinta biyu ne, sama da ƙasa, ana iya juya ta. Sifirin da ya karye ya yanko madadinsa daga sifirin tsohon agogon bango. Makullin kuwa, ya zaɓo wanda ba a yanka ba daga zobensa, ya kara shi a harshen kyandir har ya yi baƙi, ya zura ya murɗa, ya zaro ya duba inda baƙin ya goge, ya ci wurin da magagari. Haka ya yi ta yi, ci kaɗan gwaji kaɗan, har sakatar ta fita da ƙara. Ya hana ni zuba mata man inji, ya ce mai yana tara ƙura, hunturu ɗaya zai daskare. Ya goga bakin fensir a kan fallayen, ya ce wannan ya isa.

Kuba ta uku daga Ingila ta zo. Ɗan yayana da ke Landan ya nemo ta a eBay, inda masu sayar da kayan rusassun gidaje ke baje irinsu. Kafin ya biya na sa ya nemi mai ita ya ɗora ma'auni a kai ya ɗauki hoto gaba da baya, ya kuma tabbatar akwai akwatin dogari da makulli. Kuɗinta da fam, in aka juya shi zuwa sidi, ya fi na biyun Fante New Town a haɗe nesa ba kusa ba. Wata 'yar uwa da ta zo biki ta saƙo ta a jaka.

Mariƙi kuwa, da bakwai na gida da uku na Wofa, goma ke nan, saura takwas. Na san ba zan same su a buhun kondem ba, sai na nufi Krofofrom, ƙauyen masu zubin tagulla da ke kudu da gari. Sana'ar da suka gada ce tun zamanin da Tonawa ke zuba ma'aunan zinariya: a siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe shi da laka mai laushi haɗe da garin gawayi, a ƙara wata laka mai kauri, a gasa kakin ya narke ya bar gurbinsa, a cika gurbin da narkakkiyar tagulla, in ta huce a fasa. Kowane zubi da nasa kakin, ba a maimaita kasko. Mastan da na samu ya riƙe mariƙin ya ce zai iya, amma in sani tagulla tana tsukewa in ta huce, don haka wanda aka kwafa kai tsaye daga tsoho yakan fito ƙarami da kaɗan. Shi ya sa ya ɗan ƙara wa kakin kauri. Na ce ya fara zuba ɗaya mu gani. Na farkon ya fito da kyau a siffa, amma launinsa ya yi ja, saboda abin da aka narka akwai jan ƙarfe da yawa a ciki. Na koma Akwatia Line na sayo murƙusassun mariƙan nan da na gani a buhu, na kawo masa na ce da su za a yi. Launin ya zo daidai.

Ramin da sandar mariƙi ke shiga mai kusurwa huɗu ne, zubi ba ya fitar da shi da tsabta, don haka a toshe aka zuba su na kai Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera. Can aka ɗora su a injin juyi aka daidaita wuyansu, aka huda, aka ci ramin da magagari ya zama murabba'i, aka yi ramin ƙaramin sukurun da ke riƙe sandar. A nan ma sai an kula: sandar zamani milimita takwas ce, ta tsofaffin kubobinmu ta ɗan fi ta siranta, in ka tilasta sabuwa sai ka fasa abin da ke juya harshe a ciki. Sai aka rage sababbin sanduna daidai tsohuwa. Masta ya so ya fesa musu ruwan ƙyalli, na ce a'a. Tagullar da aka bari haka hannun mutane ne ke dafa ta, a hankali za ta yi duhu ta bi 'yan uwanta.

Hinji bai ba mu wahala sosai ba. Na zubin baƙin ƙarfe ne, inci huɗu, uku a kowace ƙofa. Irin wannan ƙarfe ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi, don haka Baba bai yarda a buga su ba. Waɗanda suka cinye har ƙofa ke jan ƙasa an sa musu siraran zobba a tsakanin gaɓoɓi. Biyu da suka tsage muka maye gurbinsu da na gidan Wofa.

Ranar ɗaurawa Baba ya toshe duk tsofaffin ramukan kusa da 'yan tsinkayen odum da gam, ya bari suka kwana. Odum yana da tauri, sukurun tagulla kuwa yana da taushi, in ka tura shi kai tsaye sai kansa ya tsinke ya bar jikinsa a ciki. Sai ya fara huda ƙaramin rami, ya shigar da na ƙarfe ya buɗe hanya, ya zare, sannan ya goga wa na tagullar sabulu ya ɗaura da hannu. Bai bar injin batir ya kusanci ƙofofin ba. Duk sukurun masu tsaga ɗaya ne, don mai kan kuros bai yaɗu ba sai bayan shekarun 1930, kuma ido yana gane shi daga nesa a jikin tsohuwar kuba. Da wani yaronsa ya yi ƙorafin cewa aikin yana cin lokaci, Baba ya ce masa, "Da tsohuwar zuma ake magani, riƙe mini ƙofar."

Na jera su da tunani. Kubobin asali da tsofaffin mariƙai suka koma zaure da ɗakin Hajiya da ɗakunan ƙasa da ke fuskantar tsakar gida. Sababbin zubi suka tafi sama, a gefen ciki. A bayan kowane sabon mariƙi na sa an buga shekarar da aka zuba shi, don wanda zai kwance shi nan gaba ya san wanne ne na Kaka wanne ne namu. Ƙofar titi kuma, tun da kuba mai falle biyu ba ta tsare ɓarawon yau, an ƙara mata sakata mai ƙarfi daga ciki, ba a taɓa fuskarta ba.

Hukumar gidajen tarihi ta Ghana tana kula da ganuwoyin bakin teku da tsofaffin gine-ginen Asante da UNESCO ta sa a jerinta a 1979 da 1980. Tsohuwar fadar Manhyia da aka gina a 1925, tsarar gidanmu, ta zama gidan tarihi tun 1995. Gidajen Zongo kuwa ba su da mai tsaron su sai masu su, alhali su ma suna ɗauke da tarihin fatauci da malanta na garin nan. Shi ya sa nake roƙon duk wanda zai rushe ko zai sabunta gidan gado, in ma ba ya son ƙofofin, ya ciro ƙarfen da sukurudireba ya sa a kwali, ya sanar a masallaci ko a zauren unguwa. Akwai mai nema.

Ƙofa ta tara, ta ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin matakala, har yanzu ba ta samu kuba ba. Ita ƙarama ce, inci biyar, ta hagu, kuma ramin makullinta ya fi na sauran kusa da baki. Mun sa mata ɗaya daga sakatun Wofa tana riƙe da ita, mun bar gurbin yadda yake ba mu toshe ba. Kwalinta yana wurin mai kondem a Akwatia Line, an rataye shi a ƙusa kusa da sikeli, kuma ya ce akwai wani gida a Asafo da za a sauke bayan Sallah.